TUFAR BAƘO A KANGAYEN HAMADA: SHARHI A KAN LITTAFIN TAFIYAR CLAPPERTON DA ABOKANSA

Gabatarwa

Kwanakin baya, bayan an tashi daga taron ƙungiyarmu, wani ɗan ajinmu ya fito da wani hoto ya miƙa wa na kusa da shi, kafin a ce haka hoton ya zaga zauren. Wani ƙaton Bature ne mai jan gemu, ya goya jakar tafiya, yana dogare da sanda, ya tsaya a gaban wani gini da aka sassaƙa a jikin jan dutse. Abin da ya jawo dariya shi ne daga ƙugunsa zuwa gwiwa babu wando, sai wani zane mai ratsi-ratsi kamar fatarin mata. Wani ya ce ɗan daudu ne, wani ya ce wandonsa aka sace a masauki. Ni ma na yi tawa dariyar, ba zan ɓoye ba.

Malaminmu na adabin zube kuwa bai yi dariya ba. Ya ce mana tufar nan sunanta kilti, ta mazajen tsaunukan Sikotilan ce, ginin kuma yana tsohon birnin Batra ne a ƙasar Jodan. Sa'an nan ya ce, "To, 'yan samari, wa ya nuna wa mutumin nan hanya har ya kai wurin, kuma ina shi mai nuna hanyar yake a cikin hoton?" Duk muka yi tsit.

Wannan tambaya ce ta kai ni laburare, ta sa na ɗauko wani tsohon littafi da muke yawan jin sunansa amma kaɗan daga cikinmu suka karanta, watau Narrative of Travels and Discoveries in Northern and Central Africa, na Denham da Clapperton da Oudney, wanda aka buga a Landan a 1826. Dalilin zaɓensa shi ne biyu daga cikin marubutan mutanen Sikotilan ne, sun ratsa kangayen Sahara, kuma tafiyar tasu ta biyo ta Katagum da Kano da Sakkwato. Akwai kuma gardamar da ta daɗe tsakaninmu a ƙungiya: wasu na cewa irin waɗannan littattafai shara ce ta 'yan leƙen asirin mulkin mallaka, bai kamata ɗalibin Hausa ya ɓata lokacinsa a kansu ba, wasu kuma na ɗaukar duk abin da ke ciki tamkar yankan wuƙa. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba. Zan dubi littafin ta fuskar abubuwa biyu da na gani a hoton nan, tufa da kango, sa'an nan in gwada shi da abin da namu suka faɗa game da wannan hanya.

Tufar da Muka Yi wa Dariya

Kafin mu shiga littafin, ya kamata mu biya bashin dariyarmu. Kilti zane ne na ulu mai ratsi a gicciye, ana tattare bayansa ninki-ninki, a ɗaura shi a ƙugu ya tsaya a gwiwa. Cikakkensa kan ci yadi 8. Da yake ba shi da aljihu, sai a rataya wata 'yar jakar fata a gaba kamar zabira. Masu yawon ƙafa da ke sa shi a yau suna yabonsa ne don iska na ratsa shi, kuma ba ya goge cinya kamar wando. Bahaushen da ya san bante da warki, ya kuma ga alhazai cikin harami, bai kamata namiji da zane ya ba shi mamaki ba.

Tarihin tufar ya fi kamanninta ban sha'awa. A 1746, bayan sojan gwamnatin Birtaniya sun karya mutanen tsaunuka a yaƙin Kaloden, majalisa ta yi dokar hana su sa tufarsu ta gado, sai fa wanda ya shiga sojan sarki. Ba a soke dokar ba sai 1782. A watan Agusta na 1822 kuwa, Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinbara, marubucin nan Walter Scott ya shirya bikin, sarkin da kansa ya ɗaura kilti. Tufar da aka haramta wa waɗanda aka ci da yaƙi ta koma kayan ado na fada. Shekara 60 bayan haka, a 1882, rundunonin masu kilti suna cikin waɗanda suka karya sojan Ahmad Urabi a Tallul Kabir, aka ɗauke su hoto sun yi cincirindo a jikin gunkin Abul Hauli kusa da dalar Giza. A 1898 kuma suna cikin waɗanda suka yaƙi mutanen Mahadi a Atbara da Omdurman.

Ke nan hoton mai kilti a gaban kangon hamada yana da kakanni. Mai yawon yau ba soja ba ne, wataƙila ma bai taɓa jin labarin 1882 ba, kuma ba na ɗora masa laifin da bai yi ba. To, amma tsarin hoton gado ne: baƙo a tsakiya, tsohon gini a bayansa, masu ƙasa a waje. A Batra ma haka abin yake. Burckhardt, mutumin Suwizalan da ya fara ba Turai labarin wurin a 1812, ya shiga ne da shigar Larabawa da sunan Shaihu Ibrahim, kuma ɗan jagora ne ya kai shi. David Roberts, mai zane daga Edinbara, ya je a 1839, shi ma cikin tufar Larabawa, kuma mutanen da ya zana a gindin gine-ginen 'yan mitsi-mitsi ne, amfaninsu su nuna tsawon dutse. Larabawan Bidul da ke zaune a kogunan wurin an tashe su zuwa wani sabon ƙauye a wajen 1985, shekarar da aka sa Batra cikin kayan tarihi na duniya.

Littafin da Marubutansa

Gwamnatin Birtaniya ce ta aiko mutum uku su binciko inda kogin Kwara ya nufa, su kuma nemi hanyar ciniki. Walter Oudney likita ne daga Edinbara. Hugh Clapperton hafsan sojan ruwa ne, an haife shi a Annan a kudancin Sikotilan a 1788. Dixon Denham kuwa sojan ƙasa ne, mutumin Landan. Sun bar Tarabulus a farkon 1822, suka sauka Murzuk, suka daɗe suna jiran rakiya. A ƙarshen shekarar suka bi ayarin madugu Abubakar Bu Kulum ta Bilma, suka isa Kukawa wurin Shehu Laminu a watan Fabrairu na 1823. Oudney ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairu na 1824. Clapperton ya shiga Kano a ran 20 ga wannan wata, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya isa Sakkwato a watan Maris, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne zubin littafin ba na mutum ɗaya ba ne. Denham ne ya tsara shi, shi ne ya cinye mafi yawan shafuka, alhali shi da Clapperton ba sa ga maciji tun daga Fazzan. Saboda haka mai karatu zai yi tafiya mai nisa a cikin littafin bai ji ɗuriyar Clapperton ba, kamar ba tare suke ba. Sai a shekarar 2000 aka buga ainihin kundin da Clapperton ya rubuta a Sahara da Fazzan, wanda Jamie Bruce-Lockhart da John Wright suka shirya. Wanda ya iya share abokin tafiyarsa Bature daga labari, share ɗan jagora da mai ɗaukar salka ba zai yi masa wuya ba. Wannan shi ne gargaɗin farko da littafin ya yi mana da kansa.

Jigon Tufa

Waɗanda suka riga su zuwa Murzuk, watau Ritchie da Lyon, sun yi shigar Larabawa ne suka ce su Musulmi ne. Ritchie ya mutu a can a 1819. Su kuwa waɗannan uku suka yanke shawarar tafiya da tufarsu ta Ingila, ba tare da ɓoye addininsu ba, kuma Denham ya yi alfahari da wannan ƙwarai a cikin littafin. Clapperton daga kudancin Sikotilan ya fito, inda kilti ba tufar gado ba ce, don haka abin taƙamarsa kakin sojan ruwa ne. Amma aikin da kakin ya yi masa shi ne aikin da kilti ke yi wa mai yawon yau: sanarwa ce ga duk mai ido cewa ga wani daga wata ƙasa ya zo, a dube shi.

Akwai wurare biyu a littafin da wannan sanarwa ta gamu da gamonta, kuma a ganina su ne mafi armashi a ciki. Na farko a ƙofar Kano ne. Clapperton ya ba da labarin yadda ya caɓa ado da kakinsa don ya shiga birnin da Larabawa suka cika masa kunne da labarinsa. Da ya shiga, ko mutum ɗaya bai waiwayo ya dube shi ba, kowa na ta harkar gabansa. Ya faɗi wannan a fili, yana yi wa kansa dariya. Duk Bakanon da ya karanta wurin nan zai gane garinsu. Birnin da ya saba ganin fataken Gadamas da Azbinawa da Nufawa da Barebari, wane ne wani baƙo mai maɓallan tagulla? A nan marubucin ya fita daga tsakiyar hoto, garin ya shiga, kuma daga nan ne rubutunsa ya yi kyau. Ya kwatanta kasuwar Kano rumfa-rumfa, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ba da labarin yadda akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda in an kai Barno aka tarar da algus sai a komo da kayan a karɓi kuɗi. Har laimar Ingila ya saya a kasuwar. Da ba don wannan baƙo ba, da yawa daga cikin waɗannan bayanai ba mu da su a rubuce.

Wuri na biyu na Denham ne. A watan Afrilu na 1823 ya nace sai ya bi Bu Kulum da Barka Gana zuwa wani hari a ƙasar Mandara, harin da manufarsa kamun bayi ce. Fulanin da aka kai wa harin suka tsaya, suka fatattaki maharan, kibiya mai dafi ta kashe Bu Kulum. Denham ya faɗi daga doki, aka kama shi, aka tuɓe shi tsirara. Bisa ga faɗarsa, abin da ya hana a soke shi har lahira shi ne gudun kada a ɓata tufar, kuma yayin da masu kamun ke gardamar rabon kayan ne ya sulale ya tsere. Ga mutumin da ya yi alfahari da tufarsa ya wayi gari tufar ta fi shi daraja a idon waɗanda suka kama shi.

To, a nan ne nake da ƙorafi. Denham ya ba da labarin nan da gwaninta, mai karatu zai riƙa jin bugun zuciyarsa. Amma ya ja hankalinmu gaba ɗaya zuwa ga tsiraicinsa da ƙayar da ta soke shi, har mu manta cewa ƙauyuka aka ƙone kafin a kai ga wannan gudu, kuma yana cikin rundunar da ta ƙone su. Wanda ya tuna masa da haka Sarkin Musulmi Bello ne. Da Clapperton ya je Sakkwato, Bello ya fito da littattafan Denham da aka tsinta a fagen fama ya mayar masa, ya kuma nuna ɓacin ransa da ganin baƙon da ya ce ziyara ta kawo shi a cikin masu kai wa jama'arsa hari. Na yaba wa Clapperton da bai ɓoye wannan ba, ko da yake mai yiwuwa ne ƙiyayyar da ke tsakaninsu ta taimaka.

Jigon Kango

Kangaye iri uku ne matafiyan suka ratsa, kuma yadda suka dubi kowanne ya bambanta.

Na farko shi ne Jarma a Fazzan. A tsakiyar 1822, daidai lokacin da ake shirin bikin kilti a Edinbara, Oudney da Clapperton suka bar Murzuk suka yi yamma zuwa Gat. A hanya suka ga wani ɗan gini na sassaƙaƙƙen dutse kusa da Jarma, nan take suka ba Rumawa shi. Ba abin mamaki ba ne, domin karatun da aka yi musu tun suna yara ya koya musu cewa duk inda aka ga dutse a daidaice, hannun Rum ne ko na Girka. Binciken da Charles Daniels ya yi daga baya, da wanda David Mattingly ya jagoranta tun daga 1997, ya nuna cewa Jarma ita ce hedkwatar Garamantawa, mutanen Sahara da Herodotus ya ambata tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun haƙa ɗaruruwan magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, sun noma alkama da inabi da dabino, sun bar dubban kaburbura. Sun yi ciniki da Rumawa, sun kuma ari salon gininsu, amma ƙasar tasu ce. Sai dai in za a yi adalci, Oudney ya yi abin yabo guda a wannan tafiya: ya ga rubutu a jikin duwatsu, ya tambayi Buzayen da ke tare da shi, ya rubuto haruffan Tifinag kamar yadda suka gaya masa. Da ya yi tambaya ya samo gaskiya, da ya dogara ga karatunsa na gida ya yi kuskure.

Na biyu ba gini ba ne. Tsakanin Murzuk da Bilma, musamman a rijiyar Mashru, sun tarar da ƙasusuwan mutane birjik, fiye da ƙwarangwal 100 a wuri guda, na bayin da aka koro daga Barno da ƙasar Hausa ƙishirwa da yunwa suka kashe su. Denham ya faɗi yadda kofaton dokinsa ya taka wasu suka ruguje, da yadda Larabawan ayarin suka yi dariyar damuwarsa. Wannan shafi yana da nauyi, kuma duk mai cewa a jefar da littafin sai ya gaya mana inda za mu sami madadinsa. Waɗannan ƙasusuwa na mutanenmu ne, kuma waɗanda suka kama su suka sayar ba daga Turai suka zo ba. Amma ko a nan, matattun ba su da suna, ba su da gari. Marubucin ya tsaya a kansu ne kamar yadda ya tsaya a kan ginin Jarma, ya ƙidaya, ya yi juyayi, ya wuce. Bayan wata huɗu kuma ga shi a Mandara tare da masu cika wannan hanya da sababbin ƙasusuwa.

Na uku shi ne Birnin Gazargamu, tsohuwar hedkwatar Barno, wadda mayaƙan jihadi suka ci a 1808. Denham da Oudney sun ziyarci kufanta da na Gambaru a 1823, shekara 15 kacal bayan faɗuwarta. Wannan kango ne mai ɗumi. Mutanen da aka haifa a cikinsa suna nan da ransu a Kukawa, wasunsu ma suna cikin rakiyar. Ga dama ta samu a ji daga bakin waɗanda suka ga ranar da aka fasa birnin, amma abin da ya fi yawa a shafukan shi ne kaurin ganuwa da jan bulo da namun dajin da suka gaje wurin. Idon da ya saba kallon kango a matsayin abin sha'awa ba ya bambanta na shekara 1,500 da na shekara 15.

Hanya Ɗaya, Ido Daban

Don mu ga abin da ya ɓace, sai mu ɗauko namu. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, wannan hanyar ce dai ta Murzuk da Tarabulus. Amma wadda muke bi uwa ce da ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ba ta sake ganinsa ba sai tana gab da mutuwa. Babu wanda ya tsaya duban tsohon gini a littafin nan. Hamada a wurinsu ƙishirwa ce da guguwar rairayi mai binne ayari. Ƙwarangwal ɗin da Denham ya ƙidaya a bakin rijiya, Tafawa Ɓalewa ya ɗauki ɗaya ya mayar mata da nama da suna da ɗa. A nan ne ƙagaggen labari ya yi abin da labarin gani da ido ya kasa.

Sai kuma Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk a 1855, ya isa Landan. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu shi ne irin mutumin da Malam ya tambaye mu inda yake a cikin hoto: yana cikin tafiyar daga farko har ƙarshe, yana hidima, amma a littattafan iyayen gidansa wuri kaɗan ya samu. Da aka ba shi dama ya yi magana, sai ga shi yana kallon Turawa kamar yadda suke kallonmu, yana bayyana yadda suke zaman cin abinci da sauran al'adunsu a matsayin abin mamaki. Ashe kowa baƙon wani ne, kuma kowace tufa kilti ce a garin da ba a san ta ba.

Salo

Ta fuskar salo, marubutan uku ba ɗaya suke ba. Denham mai zaƙin baki ne, ya iya jan zaren labari, amma shi ne tauraron kowane shafi. Oudney likita ne har a alƙalaminsa, duwatsu da tsirrai da cututtuka yake lissafawa, ga shi ciwo ya ci ƙarfinsa. Clapperton ba shi da ado, jimlolinsa gajeru ne irin na mai rubuta rahoton jirgi, yakan kuma yi saurin fushi da saurin yanke hukunci a kan mutane. Duk da haka shi na fi amincewa da shi, domin yakan rubuta abin da bai yi masa daɗi ba. Ya faɗi yadda Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kirista na dā har ya rasa amsa, ya ce shi ba masani ba ne a wannan fanni. Matafiyin da ke iya rubuta ranar da aka fi shi sani, ana iya sauraronsa a sauran ranaku. Ya koma Sakkwato a 1826, ya rasu a can a watan Afrilu na 1827.

Wani aibi da ya game su duka shi ne rashin harshe. Da ɗan Larabci da tafinta suka yi tafiyar, shi ya sa sunayen garuruwa da na sarautu suka fito a karkace, wasu sai mai karatu ya furta su da ƙarfi kafin ya gane abin da ake nufi. Wanda bai ji harshen mutane ba, dole idonsa ya yi aikin kunnensa, ido kuwa tufa da gini yake gani.

Kammalawa

Ga 'yan'uwana masu cewa a jefar da littafin, amsata ita ce ba a fushi da kaza a bar ta ta kwana a kan dami. Abin da ke ciki na kasuwar Kano da fadar Bello da rijiyar Mashru namu ne, ko da wa ya rubuta. Ga masu haɗiye shi ɗungurungum kuma, sai su tuna da ginin Jarma da aka ba Rumawa da ƙauyukan Mandara da aka manta. Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce mu ɗauki babin Clapperton na tafiya daga Kukawa zuwa Sakkwato mu fassara shi da Hausa, mu gyara sunayen, mu jera shi da labarin Dorugu, domin mai karatu ya ji bakin biyu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Bara mun je Kufena yawon buɗe ido, muka hau dutsen, muka ga ragowar tsohuwar ganuwa. Na sa babbar rigata da hula, na tsaya a tsakiya, aka ɗauke ni hoto. Wani dattijo da ke noma a gindin dutsen shi ya nuna mana hanyar hawa, ya kuma fara ba mu labarin wurin, amma muna sauri mota za ta tashi. Ban tambayi sunansa ba, kuma ba ya cikin hoton. Da na koma ɗaki bayan tambayar Malam na ɗauko hoton nan nawa na duba, ban ga bambancinsa da na mai kilti ba sai tsawon tufa.

Ga Surame ta Kanta da ganuwarta ta dutse tun ƙarni na 16, ga Turunku, ga Gazargamu. Tsofaffin da ke zaune kusa da su suna da labari, kuma kullum raguwa suke yi. In hutun nan ya zo, ni dai na yi niyyar komawa Kufena da littafin rubutu, in nemi dattijon nan in fara da tambayar sunansa. Ina fata wasu daga cikinku za su yi haka a kufan da ke kusa da garuruwansu, mu kawo abin da muka samo a fitowa ta gaba. Wanda kuma bai yarda da abin da na faɗa ba, filin mujallar nan a buɗe yake.